GIDAN GOGA DA ƘAUYUKAN ƘASAR MARADUN: TARIHIN MANOMI DA HUKUMA

Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta game da tarihin ƙasar Hausa tarihi ne na birane da sarakunansu, watau wane ya gaji wane, shekara nawa ya yi bisa gado, wane yaƙi ya ci. Ƙauyuka kuwa, waɗanda su ne suka ciyar da biranen nan, suka kuma ba da hannuwan da aka gina ganuwoyinsu, ba safai akan ji sunansu ba sai ranar da wata masifa ta auka musu. Gidan Goga yana cikin irin waɗannan ƙauyuka. Gari ne na manoma, cibiyar gunduma, kuma ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Maradun a Jihar Zamfara, cikin yankin nan da ya haɗa Maradun da Bakura da Talata Mafara. 'Yan Nijeriya da yawa ba su taɓa jin sunansa ba sai a shekarar 2018, sa'ad da gidajen rediyo da jaridu suka kawo labarin kashe manoma a gundumarsa.

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin abu guda ɗaya cikin tarihin wannan yanki tun daga ƙarni na 18. Zaman ƙauye ya dogara ne bisa wani alkawari da ba a rubuta ba tsakanin manomi da mai mulki: manomi ya ba da wani kaso na abin da ya noma, mai mulki kuwa ya tsare masa ransa, ya kuma tabbatar masa da gonarsa. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za a ga cewa duk lokacin da aka cika alkawarin nan ƙauyuka sun yaɗu, duk lokacin da aka karya shi kuwa sun koma kufai.

Yadda Ƙauye Yake Kafuwa

Sunayen garuruwan Zamfara su kansu littafin tarihi ne ga mai lura. Sunan da ya soma da "Birnin", kamar Birnin Tudu ko Birnin Kaya, yana nuna wurin da aka taɓa kewayewa da ganuwa saboda yaƙi. Wanda ya soma da "Tungar" yana nuna ƙaramin mazauni da aka kafa a bakin daji ko bakin gulbi domin noma ko su. Wanda kuwa ya soma da "Gidan", kamar Gidan Goga, yana nuna garin da ya tsiro daga gidan mutum ɗaya: magidanci ya nemi izinin mai ƙasa, ya sari daji, ya kafa gida da rumbu, sa'an nan dangi da baƙi suka riƙa sauka kusa da shi har wurin ya zama gari, sunan gidan farko ya bi shi.

Ginshiƙin irin wannan ƙauye shi ne gandu. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa sukan noma babbar gona tare, daga cikinta ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Kowane ɗan gandu yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko ranar hutu. A tudu akan shuka gero da dawa da maiwa da wake, a haɗa da auduga da gyaɗa. A fadamun Gulbin Sakkwato kuwa, wanda ya ratsa ƙasar Maradun ya wuce ta Talata Mafara da Bakura, ambaliyar damina takan bar laka mai taki, a noma shinkafa, bayan ruwa ya janye a dasa albasa da dankali da rogo da taba. Manomin da yake da ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a fadama da wuya shekara ta kayar da shi gaba ɗaya.

Haka nan kuma akwai makiyayi. Bayan an kawar da amfanin gona, Fulani sukan sauka da shanunsu su ci kara da harawa, su bar wa gona taki, mata su yi musayar nono da hatsi. An keɓe burtali da mashaya, kuma in shanu suka yi ɓarna akwai mai gari da arɗo da za su kimanta ta a biya. Wannan tsari bai hana saɓani ba, amma ya tanadi wurin da za a kai shi.

Zamanin Zamfara, Gobir da Jihadi

Ƙasar nan tana cikin tsohuwar daular Zamfara, wadda ta soma daga Dutsi, daga baya ta kafa hedkwatarta a Birnin Zamfara. A farkon ƙarni na 18 Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman ƙasar noma, kuma bisa ga ruwaya an saukar da su ne a gonakin Alkalin Zamfara, abin da ya sa aka kira wurin Alƙalawa. Wajajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarautar Zamfara ta warwatse, ba ta sake samun mazauni tabbatacce ba sai da ta zauna a Anka a ƙarni na 19. Tsakanin waɗannan shekaru manomin Zamfara ya sami kansa yana biyan sabon ubangida, ga kuma hare-hare daga kowane gefe.

Cikin wannan hali ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara yana wa'azi, ya yi kimanin shekara 5 a cikinta. Yana zaune a Faru sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami domin Babbar Salla, wajajen 1788. Sunayen nan biyu, Faru da Magami, su ne sunan wata mazaɓa ta Ƙaramar Hukumar Maradun a yau. A wurin taron Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Daga baya, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa kuɗin gari da jangali da gaisuwa cikin hanyoyin zaluncin sarakunan zamanin. Ba abin mamaki ba ne da talakawan Zamfara suka saurare shi.

Amma abin da ya biyo baya ya ƙunshi darasi. A 1805, bayan yaƙin Tsuntsuwa, jama'ar Shehu ta koma Sabon Gari cikin Zamfara saboda yunwa da kuma goyon bayan da take da shi a can. Rundunar da ba ta da rumbu dole ta ci daga rumbun wani. Da mayaƙa suka matsa wa ƙauyuka da ɗibar abinci, Zamfarawa da yawa waɗanda suka yi maraba da jama'ar suka juya mata baya. Watau manomi ya auna sabuwar hukuma da mudun da ya auna tsohuwar.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, musamman a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga 1817 zuwa 1837, an bi manufar kafa ribaɗi, watau garuruwan tsaro a bakin iyaka inda ake zaunar da mayaƙa da manoma da makiyaya wuri ɗaya. Bakura tana cikin wuraren da aka yi haka. A inuwar irin waɗannan garuruwa ne ƙananan ƙauyuka suka sami damar noma. Duk da haka manyan dazuzzuka sun ci gaba da zama mafakar maharan Gobir, har Baturen nan Clapperton, da zai ratsa Dajin Gundumi zuwa Sakkwato a 1824, sai da aka haɗa shi da mahaya masu rakiya. A 1891 kuma Talata Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye, aka murƙushe ta da yaƙi. Saboda haka a ƙarni na 19 nisan gona daga ganuwa shi ne ma'aunin tsaron mai ita.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, suka sa ƙasar nan cikin Lardin Sakkwato. Abubuwa uku suka sāke ga ƙauye. Na farko, yaƙe-yaƙe tsakanin garuruwa da harin bayi sun ƙare, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin daji suna saran sababbin gonaki, ƙananan gidaje da tungaye suka yawaita. Na biyu, an raba ƙasa gunduma-gunduma, kowane uban ƙasa aka umurce shi ya zauna cikin ƙasarsa ya tara haraji da jangali ya kai Baitulmalin En'e, kuma haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa. Na uku, dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, da sunan riƙon amana domin amfanin 'yan ƙasa. A lokacin manomi bai ji nauyin wannan doka ba, gama daji yana da yawa, sai bayan shekara 60 da wani abu.

Harajin kuɗi ya tilasta noman abin sayarwa. Da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗar Zamfara suka sami hanyar zuwa teku, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, 'yan baranda da kamfanonin Turawa suka cika kasuwannin kaka. Kuɗi ya shiga ƙauye, amma ya shigo da sharaɗinsa. Ana karɓar haraji ne da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka wanda audugarsa ba ta yi ba sai ya sayar da damman da zai ci da bazara. A shekarun fari, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da yunwar 1942 da ake kira 'Yar Gusau, wannan ya ƙara wa talaka nauyi bisa nauyi. Samari suka ɗauki al'adar cin rani, har ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ta nuna fiye da mutum 200,000 sun fita daga Lardin Sakkwato zuwa kudancin Nijeriya da Gwalkwas da sauran wurare.

Mulkin En'e yana da zaluncinsa, wanda tsofaffi ba su manta ba: aikin tilas, ɗaurin wanda ya kāsa biyan haraji, da gaisuwar da ba ta cikin littafi. Amma mai gari ya san kowane magidanci da kowane baƙo da ya kwana a garinsa, domin sunansa yana cikin takardar haraji, kuma ɓarawon shanu yakan sha wuya kafin ya sami inda zai ɓoye su. Hukuma ta karɓa da yawa, ta mayar da kaɗan ta fuskar makaranta da asibiti, amma ta riƙe ɓangare ɗaya na alkawari, watau tsaron rai.

Bakolori

Bayan mulkin kai ƙasar ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'an nan Jihar Sakkwato a 1976. A shekarar 1976 ɗin ne kuma gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e, bayan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannunta. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun girgiza noman tudu, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmalin Gwamnatin Tarayya. Daga nan aka ɗauki shawarar cewa maganin fari shi ne manyan madatsun ruwa.

Tun a 1969 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar a yi matsakaicin aiki a Bakolori, a faɗaɗa shi sannu a hankali. Abin da aka yi ya ninka wannan. An ba kamfanin Impresit na Italiya kwangila, aka soma aiki a 1974, aka gama madatsar a 1978: tsawonta ya wuce kilomita 5, tana riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tafki, tafkin kuwa ya rufe kimanin hekta 8,000. An shirya ba da ruwa ga gonaki hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Manoma kashi uku aikin ya taɓa. Na bayan madatsa, mutum fiye da 12,000 na Maradun da kewayenta, ruwa ya ci gidajensu da fadamunsu, aka mayar da su sabon mazauni a kan tudu mai tsakuwa. Na cikin filin ban ruwa an hana su shuka, waɗansu damina biyu ko uku, ana baje ƙasa da katafila ana sare itatuwan ɗorawa da tsamiya da kuka, kuma da aka zo mayar da gonaki da yawa ba su sami tasu ba, ko suka sami wadda aka kankare mata ƙasar sama. Na gangaren gulbi kuwa ambaliyar da shinkafarsu ta dogara da ita ta ragu, dubban hekta na fadama suka koma gonakin gero da dawa. A nan ne dokar 1910, wadda aka sabunta a 1962 aka kuma ƙarfafa da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta nuna haƙoranta: a idon doka ƙasa ta gwamnati ce, diyya ta shuka da itace da gini ce kawai, ita ma ta yi ta jinkiri, wani kaso ya maƙale a hannun masu rabo.

Manoma sun kai kuka ga sarakuna da hukumar aikin da kotu. Da abin ya ƙi, daga ƙarshen 1979 suka tare hanyoyin shiga wurin aiki, suka tsayar da shi. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka aika 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a Birnin Tudu da ƙauyukan kusa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin sun kai lissafin 386. Ƙasar Maradun, wadda Gidan Goga yake cikinta, ta koyi cewa hukuma tana iya ɗauke gona, ta kuma juyo da bindiga kan mai ita.

Irin wannan ya taɓa faruwa a wata ƙasa mai nisa, kuma kwatanta su yana da amfani saboda yadda ƙarshensu ya bambanta. A tsaunukan arewacin Sikotlan, cikin Birtaniya, masu manyan filaye sun kori ƙananan manoma daga ƙauyukansu domin kiwon tumaki, su ma da sunan ci gaba. A kwarin Strathnaver na yankin Sutherland an tashi ƙauyuka a 1814 da 1819, aka ƙone gidaje, mutane suka koma bakin teku ko suka yi ƙaura zuwa Kanada. A 1882 manoman tsibirin Skye suka yi arangama da 'yan sanda. Gwamnati ta naɗa kwamitin Napier a 1883, ya zaga ƙauyuka yana sauraron manoma da bakinsu, kuma a 1886 aka kafa doka wadda ta hana korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, ta sa a ƙayyade hayar bisa adalci, ta ba shi ikon barin gonar ga magajinsa. A Bakolori an ƙara biyan diyya bayan an zubar da jini, amma matsayin manomi a gaban doka yana nan yadda yake. Mafi yawan na'urorin yayyafin da aka kafa sun lalace cikin shekaru kaɗan, har sai da aka koma gyaran aikin da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING wanda aka amince da shi a 2014.

Daga 1996 Zuwa Yau

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Abin lura ne cewa uku daga cikin gwamnoninta na farar hula daga wannan yanki suka fito: Ahmad Sani na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Wannan ya nuna cewa matsalar ƙauye ta wuce batun ko ɗan wane gari ne yake mulki. Batu ne na yadda hukuma take isa ƙauye.

Jama'a ta ƙaru, daji ya ragu. Gonaki sun cinye burtali da mashaya, an yanka sassan dazuzzukan kiwo, waɗanda dokar 1965 ta tanada, aka raba wa masu hali. Makiyayi ya riƙa kukan tarar zalunci a hannun 'yan sanda da alƙalai da masu gari, manomi yana kukan ɓarnar da ba a biya. Daga wajajen 2011 satar shanu ta zama sana'ar ƙungiyoyi masu manyan bindigogi. Da hukuma ta kāsa, ƙauyuka suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda suka riƙa kashe wanda suka zarga ba tare da shari'a ba, har da marasa laifi, ɗaukar fansa kuwa ta faɗa kan ƙauyuka gaba ɗaya. Dazuzzuka irin su Sububu suka koma abin da Gundumi ya kasance a zamanin Clapperton.

A watan Mayu 2018, farkon damina, an kashe manoma da dama a gundumar Gidan Goga. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar domin ta toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da labari, matakin da ya ƙuntata wa manomi shi ma. A Disamba 2024 an kwashe mata da yara masu yawa daga Kakin Dawa cikin gundumar. Abin da ya fi dacewa da jigon wannan lacca shi ne harajin da 'yan bindiga suka riƙa ɗora wa ƙauyukan Zamfara: kuɗi kafin a yi shuka, kuɗi kafin a yi girbi, wani lokaci har da noma gonakinsu. Manomi ya koma biyan kuɗin ƙasa ga wanda yake riƙe da daji, kamar yadda kakanninsa suka biya a ƙarni na 18, sai dai wannan karon babu alƙali kuma babu ganuwa.

Kammalawa

Tarihin nan na shekara 260 ya nuna cewa manomin ƙasar Maradun bai taɓa ƙin biyan hukuma ba. Ya biya Zamfara, ya biya Gobir, ya biya Sakkwato, ya biya En'e. Abin da yake tambaya shi ne me za a ba shi a madadi. Ga ma'aikatan gwamnati, abubuwa uku suka fito fili. Tilas a sami hanya mai sauƙi ta tabbatar wa ƙaramin manomi da gonarsa a rubuce, a kuma shata burtali da mashaya yadda kowa zai san iyakarsa. Tilas duk aikin da zai taɓa gona ya soma da sauraron masu ita, kuma a biya diyya kafin katafila ta shiga. Tilas kuma ƙauye ya sami wurin kai ƙara wanda manomi da makiyayi duka suka amince da shi, domin rashinsa ne ya buɗe wa 'yan sa-kai da 'yan bindiga ƙofa.

Ga ɗalibai kuwa akwai aiki na gaggawa. Tarihin ƙauyuka irin su Gidan Goga yana cikin kawunan tsofaffi: sunan wanda ya sari daji, inda tsohon burtali ya bi, gonar da tafki ya ci, shekarar da aka yi yunwa. Da yawa daga cikin tsofaffin nan yanzu suna gudun hijira a Maradun da Talata Mafara da Gusau. Ya kamata sassan tarihi na jami'o'in Gusau da Sakkwato su tura ɗalibansu su ɗauki wannan bayani a rubuce, domin ranar da mutane za su koma garuruwansu, da shi za a san gonar wane ta tsaya a ina.